Ciwon Ƙwauri a Tsallen Igiya: Abin da Ɗan Damben Boksin Ya Kamata Ya Sani Game da Ƙashinsa

Da yammacin wata Laraba, a wani fili da samari ke taruwa suna atisayen damben boksin a nan cikin birnin Katsina, na tarar da wani saurayi da bai wuce shekara 19 ba zaune a kan benci, ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, yana bin gefen ƙwaurinsa na ciki da babban yatsa yana cije leɓe. Igiyarsa na yashe a ƙasa kusa da takalmansa. Mai horar da su ya iso ya tsaya a kansa ya ce, "Yaya dai, ɗana, har ka gaji?" Saurayin ya ce, "Wallahi Malam ba gajiya ba ce, ko haki ban fara ba. Ƙafar ce, duk dirar da na yi sai in ji kamar ana tsaga ƙashin." Wani daga cikin abokansa ya ce ai sanyi ne ya shige shi, wani kuma ya ce a samo man zafi a murje wurin sosai. Da na tambaye shi yaushe ya fara igiya, sai ya ce mako uku ke nan, kuma tun daga mako na biyu yake yin turmi takwas kullum a kan daɓen simintin tsakar gidansu, ban da gudun da yake yi bayan sallar asuba a kan kwaltar da ta bi ta Ƙofar Ƙaura.

Maganar nan tasa, cewa bai fara haki ba amma ƙafa ta ƙi, ita ce ta tattara dukan al'amarin. Zuciya da huhu da tsoka suna sabawa da sabon aiki cikin 'yan makonni, shi kuwa ƙashi watanni yake buƙata, kuma a tsakanin waɗannan lokuta biyu ne ciwon ƙwauri ke samun ƙofar shiga. Matashin da ke auna ƙarfinsa da numfashinsa zai riƙa ƙara aiki a daidai lokacin da ƙashinsa bai shirya ba, domin ƙashi ba ya haki, ba ya kuma zufa, ba shi da hanyar sanar da mai shi halin da yake ciki sai ta ciwo.

Babu mai musun amfanin igiya a wannan sana'a. Ɗan boksin yana yin faɗansa ne a kan gaban tafin ƙafa, yana shiga yana fita, yana sauya nauyinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan, kuma igiya ce ke koya masa wannan sauƙin ƙafa tare da haɗa hannu da ƙafa a kan kiɗa ɗaya. Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon Muhammad Ali ko Floyd Mayweather suna igiya ya ga inda rawar ƙafarsu ta samo asali. Saboda haka ba ina kira a ajiye igiya ba ne, ina kira ne a riƙa lissafa ta. Turmin boksin minti uku ne da hutun minti ɗaya, kuma da haka ake auna igiya. Mai tsalle a matsakaicin sauri yana dira kamar sau 120 a minti ɗaya, wato sau 360 a turmi guda. Turmi takwas ya zama dira 2,880, idan kuwa aka yi haka kwana shida a mako, an haura dira 17,000, kowacce kuma tana sauke wa ƙwauri nauyin da ya fi na jikin mutum. Saurayin nan ya tashi daga babu ya kai wannan adadi cikin kwana goma sha huɗu, sannan ya ɗora gudu a kai, wanda shi ma kowane takunsa ke sauke kamar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki a kan ƙafa ɗaya.

Tsakanin gwiwa da idon sawu ƙasusuwa biyu ne. Akwai babba wanda ke gaba, wanda mutum ke ji da hannu a ƙarƙashin fata, shi ne ƙashin ƙwauri, kuma shi ke ɗauke da mafi yawan nauyi. Akwai kuma siriri a gefen waje. A bayan babban ƙashin, ta gefensa na ciki, akwai tsokoki da suka manne masa, daga cikinsu har da wata faffaɗar tsoka da ke kwance a ƙarƙashin dambubu wadda ke haɗuwa da agara, da kuma waɗanda ke riƙe da kwarmin tafin ƙafa suna lanƙwasa yatsu. Duk dirar da aka yi a kan gaban ƙafa, waɗannan tsokoki ne ke taka burki don kada dunduniya ta bugi ƙasa, kuma yayin da suke wannan aiki suna jan tantanin da ya lulluɓe ƙashin. Shi kansa ƙashin yana ɗan lanƙwasawa a kowace dira, lanƙwasawar da ido ba ya gani, kuma inda ya fi siranta, wato daga tsakiyarsa zuwa ƙasa, nan ne ya fi jin jiki. Wannan ne dalilin da ya sa ciwon kusan kullum a wuri ɗaya yake fitowa: gefen ciki, daga tsakiyar ƙwauri zuwa ɗan sama da idon sawu.

A nan ne ya kamata a tsaya a fahimci yadda ƙashi yake, domin yawancinmu mun ɗauke shi kamar busasshen icce ne da aka kafa a cikin jiki. Ƙashi rayayye ne, jini na gudana a cikinsa, kuma kullum cikin rushewa da sake ginuwa yake. Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Jamus mai suna Julius Wolff ya bayyana tun a 1892 cewa ƙashi yana sauya ƙirarsa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa: idan ana ba shi aiki ya yi kauri ya yi ƙarfi, idan aka bar shi babu aiki ya yi rauni. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne tsarin da wannan gyara ke bi. Idan dira ta yi yawa, ƙananan tsage-tsage da sai da madubin likita ake ganinsu sukan bayyana a jikin ƙashin. Jiki yana da ƙwayoyin halitta iri biyu masu kula da wannan. Na farko masu rushewa ne, su ke fara zuwa su kankare wurin da ya lalace, aikinsu kuma cikin 'yan makonni yake kammaluwa. Na biyu magina ne, su ke biyo baya su cike gurbin da sabon ƙashi, amma nasu aikin yana cin wata uku zuwa huɗu kafin wurin ya koma daidai. Kamar dai mai gyaran katangar ƙasa ne bayan damina, wanda sai ya fara kankare inda ruwa ya ci kafin ya yi sabon yaɓe. A kwanakin da ke tsakanin kankara da bushewar yaɓen, katangar ta fi rauni fiye da yadda take kafin a taɓa ta. Haka ƙashin sabon ɗan igiya yake a makonnin farko. An kankare, ba a gama cikewa ba, shi kuwa a daidai lokacin ne yake jin numfashinsa ya buɗe, hannunsa ya saba da igiyar, ta daina harɗe masa ƙafa, sai ya ga ai lokacin ƙara turmi ya yi.

Na lura wannan ya fi kama waɗanda suka shigo boksin da ƙarfinsu, musamman 'yan damben gargajiya. Mai damben gargajiya a kan rairayi yake wasansa, ƙafa a buɗe, tafin ƙafa a kafe a ƙasa, yana jiran lokacin kai hannu. Yana da ƙarfi da juriya da zuciya, amma ƙwaurinsa bai san dira dubu uku a yini ba. Ƙarfin da ke gare shi ne ke ba shi damar yin aikin da ya wuce ƙarfin ƙashinsa.

Idan an gane wannan, rigakafin ya fito fili, kuma kashinsa mafi girma shi ne tafiya sannu a hankali. Wanda bai taɓa igiya ba, ko wanda ya daɗe bai yi ba, ya fara da kwana uku a mako, da kwana ɗaya na hutu a tsakani, kuma a kowane zama kada jimillar tsallen ta wuce minti biyar, a rarrabe: daƙiƙa talatin na tsalle, daƙiƙa talatin na hutu. Na san wannan zai yi wa matashi mai zafin jini kaɗan ƙwarai, kuma na san abokansa za su riƙa yin turmi shida a gabansa, amma su ƙashinsu ya riga ya biya wannan bashi a watannin baya. Masu horarwa da yawa suna bin wata ƙa'ida ta kada a ƙara fiye da kashi goma cikin ɗari a mako. Ba doka ce da aka sassaƙa a dutse ba, amma tana da amfani domin tana tilasta wa mutum ya rubuta abin da ya yi, wanda kuwa bai rubuta ba ba zai san ya ƙara ko bai ƙara ba. Kada kuma a ƙara abu biyu a mako guda. Idan an ƙara tsawon lokacin igiya, a bar nisan gudu yadda yake. Idan an fara koyon tsallen da igiya ke zagayawa sau biyu kafin a dira, wanda ke buƙatar tashi sama sosai da dira mai nauyi, to a rage sauran. Ƙwauri bai san bambancin gudu da igiya da rawar ƙafa a gaban buhun naushi ba, duk a asusu ɗaya yake tara su. Haka nan wanda ya ajiye atisaye a watan azumi, ko ya yi jinyar zazzaɓi, bai kamata ya dawo bayan Sallah ya ɗora daga inda ya tsaya ba.

Sai yadda ake tsallen kansa. Kaurin igiya bai kai na ɗan yatsa ba, don haka tashin santimita biyu zuwa uku daga ƙasa ya ishe ta wucewa. Sabon shiga yakan yi tsalle kamar zai ƙetare kwata, yana naɗe ƙafafu baya, yana jujjuya igiyar da dukan kafaɗa, sannan ya dira da gwiwa a sandare. Abin da ake so shi ne gwiwar hannu ta tsaya kusa da haƙarƙari, wuyan hannu ya yi aikin juyawa, gwiwa ta ɗan saki, a dira a kan gaban tafin ƙafa a bar dunduniya ta sauko har ta kusa sumbatar ƙasa. Masu tsayawa a kan tsinin yatsu kamar zakara, ba sa barin dunduniya ta sauko ko kaɗan, suna riƙe tsokar dambubu a ɗaure tun daga farkon turmi har ƙarshensa, kuma su ne suka fi saurin kawo kuka. Kunne ma'auni ne mai kyau a nan: ƙwararren ɗan igiya, ƙarar igiyarsa ake ji tana taɓa ƙasa, ba ƙarar ƙafarsa ba. Idan ana jin dif, dif daga ƙofar gida, dirar ta yi nauyi. Tsawon igiyar ma yana da hannu a ciki, domin gajeriya tana tilasta tsalle mai tsawo. A taka tsakiyarta da ƙafa, idan mariƙan sun kai wajen hammata, ta yi wa mai koyo daidai. Da zarar hannu ya faɗa, a koyi takun 'yan boksin, wato sauya nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa, ɗaya na aiki ɗaya na ɗan hutawa, maimakon dira da ƙafa biyu a wuri ɗaya har turmi ya ƙare.

Maganar inda ake tsalle ta fi damuna a garinmu, saboda wuraren atisaye masu daɓen katako ko shimfiɗar roba ba su wadata ba, yawancin samari a kan siminti ko tayil ko bulon tsakar gida suke yi. Siminti ba ya sassautawa ko kaɗan, duk abin da ƙafa ta kai masa shi yake mayar mata. Amma maganin bai kai tsadar da ake zato ba. Faffaɗan katako mai kauri, wanda kafinta zai yanka kamar mita ɗaya da rabi, a shimfiɗa shi a kan tsohon kafet ko tabarmar roba, ya wadatar da mutum ɗaya shekara da shekaru. Ƙasa mai tauri da aka share aka yayyafa mata ruwa ita ma ta fi siminti, muddin babu ramuka da tsakuwa. Rairayi mai zurfi kuwa bai dace ba, domin igiya na maƙalewa, ƙafa na nutsewa, agara na shan wahala. Game da takalmi, na boksin an yi shi ne da siririn ƙasa don a ji dandamali a kuma juya da sauri, ba shi da abin tare dira, saboda haka a ajiye shi don faɗa da gwajin faɗa, a yi igiya da kambas mai taushi ta gaba. Yawancinmu a gwanjo muke saye, kuma babu aibu a hakan, sai dai a tuna cewa takalmin gudu yakan rasa taushinsa bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma na gwanjo wani ya riga ya ci wani kaso na wannan tafiya. A danna cikinsa da yatsa, a duba ko ƙasansa ya cinye ta gefe ɗaya. Wanda tafin ƙafarsa ke shimfiɗe, ko yake faɗawa ciki idan ya taka, ya fi kowa buƙatar kula da wannan, domin yana cikin waɗanda ciwon ya fi kamawa, kamar yadda ya fi kama masu nauyin jiki da mata da kuma wanda ya taɓa yin sa a baya.

Ƙarfafa tsokar da ke tare dira ba ya buƙatar kayan aiki. A tsaya a bakin dakali ko matakala, a ɗaga dunduniya sama a sauko da ita a hankali, sau goma sha biyar, a maimaita sau uku. A yi da gwiwa a miƙe, a kuma yi da gwiwa a ɗan lanƙwashe, domin na biyun ne ke kama faffaɗar tsokar nan ta ciki. Idan ya yi sauƙi a koma ƙafa ɗaya. A kuma jingina baya da bango a riƙa ɗaga yatsu sama don tsokar gaba. Tsokar da ta gaji tana sakar wa ƙashi aikinta, shi ya sa ba na son ganin an bar igiya mai tsawo sai ƙarshen atisaye bayan ƙafa ta riga ta mutu. Miƙa jijiya yana da daɗi kuma yana sassauta dambubu, amma shi kaɗai ba ya hana wannan ciwo. Da safiyar hunturu kuma a yi tafiya da sassarfa na minti biyar zuwa goma kafin a ɗauki igiya.

Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba, shi ne abinci. Boksin wasa ne na rukunin nauyi, kuma na sha ganin yara suna ƙin cin abinci, suna sa leda a cikin riga suna igiya a zafin watan Afrilu don su sauka su shiga rukunin da ke ƙasa. Jikin da ba ya samun abincin da ya kai aikinsa yana rage gina ƙashi, wato an bar masu rushewa suna aiki an kuma hana magina kayan gini. Baligi yana buƙatar kamar miligiram 1,000 na sinadarin kalsiyam a yini, kuma Allah ya hore mana shi a nono da kindirmo da zogale da kuka da riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Furar da ta ji nono bayan atisaye, da barci isasshe, suna cikin horon ɗan dambe kamar yadda igiyar take ciki.

To idan ciwon ya riga ya zo fa? A farkonsa yakan taso da an fara tsalle, ya lafa idan jiki ya yi ɗumi, ya dawo bayan an gama ko da safe. Wannan lafawar ce ke yaudarar mutane su ci gaba. Abin yi shi ne a dakatar da igiya da gudu, a ci gaba da abin da ba ya sa dira, kamar tuƙa keke, da aikin buhu ƙafa a kafe, da atisayen ciki da na baya. A naɗe ƙanƙarar fiya-wata a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20 don rage zafi. Man zafi yana ɗumama fata ne kawai, murza ƙashin da ƙarfi kuwa ƙara fusata wurin yake yi, haka ma tsaga ko ƙaho a kansa ba sa kaiwa inda matsalar take. Abin da na fi jin tsoro shi ne a je kemis a sayi maganin kashe zafi a sha don a samu damar yin atisaye, domin an rufe bakin mai gargaɗi ne alhali ɓarnar na ci gaba.

Dole kuma a san inda ciwon ƙwauri ya tsaya, inda abin da ya fi shi ya fara. Na yau da kullum a shimfiɗe yake, idan aka bi gefen ƙashin da yatsa za a ji zafin ya kai tsawon santimita biyar ko fiye. Idan kuwa zafin ya taru a wuri ɗaya da kan yatsa zai rufe, ko yana hana barci, ko ana jin sa a tafiyar yau da kullum, ko mutum ya kasa yin ɗingishin tsalle a kan ƙafar, to ana zargin ƙashin ya tsage ne, kuma wannan aikin likitan ƙashi ne, ba na mai horarwa ba. Tsagewar da ke fitowa a fuskar ƙashin ta gaba ta fi wuyar warkewa, wani lokaci har sai an yi aiki. A sani kuma hoton eksire yakan fito lafiya lau a makonni biyu zuwa uku na farko alhali tsagewar na nan, don haka likita kan sa a sake ɗauka daga baya ko a yi hoton MRI, wato hoton na'urar asibiti da ke nuna abin da eksire bai nuna ba. Idan kuma abin da ake ji ɗaurewa ce kamar ƙafar za ta fashe, tare da dindiris ko mutuwar yatsu a lokacin atisaye, ta kuma saki bayan an huta, wannan matsi ne a cikin tsoka, shi ma a kai shi asibiti.

Ciwon da aka tara da wuri yakan lafa cikin mako biyu zuwa shida, wanda aka yi ta takawa kuwa yana iya cin watanni. Kafin a koma igiya, mutum ya tabbata yana tafiyar rabin awa babu ciwo, yana danna gefen ƙashin bai ji zafi ba, kuma yana iya yin tsalle goma a kan ƙafar ita kaɗai. Ranar komawa a fara da ƙasa da rabin abin da ake yi a da, a kan katako, a huta washegari a saurari ƙafar da safe. Idan ta yi shiru a ƙara kaɗan bayan kwana biyu, idan ta yi magana a koma matakin da ya gabata a zauna a kansa mako guda.